Yadda na bi sawun kakanmu da ya ɓace a yaƙin Bama

Gidaje da yawa a Jos da Bukur da Barikin Ladi suna da mutum guda da ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba kuma wanda ya san inda ƙasa ta rufe shi. Namu kakana ne, mahaifin mahaifina. Abin da muka gada game da shi bai wuce magana biyu ba: ya shiga soja daga Jos, ya ɓace a Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau. Na bi sawunsa har na samu bataliyarsa, da watan da ya ɓace, da bangon da aka sassaƙa sunansa. Zan faɗi yadda abin ya gudana bi da bi, da abin da kowane wuri yake da shi da wanda ba shi da shi, don mai irin wannan nema ya rage wa kansa kuɗin mota da zaman jira. Sunansa da lambarsa na bar wa iyali.

Wurin farawa gida ne, gaban tsofaffi. Gwaggona, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san fuskarsa, tana yarinya ƙarama ya tafi. Idan ka ce wa tsohuwa ta ba ka labarin mahaifinta, kuka za ta yi ta ce mutumin kirki ne, shi ke nan. Sai da na rarraba tambayoyin ƙanana. Na ce, "Gwaggo, da Baba ya tafi, damina ce ko rani? An riga an haifi Kawu ko Inna tana da cikinsa? Wa ya raka shi tashar jirgi? Akwai kuɗin da ake kawo wa Inna, kuma wa ke kawowa?" Tambayar ƙarshen ita ta buɗe hanya. Ta ce, "Ai Inna kan je ofishin En'e ta dangwala yatsa a ba ta kuɗi. Da aka daina ba ta ne aka san babu lafiya." Na ɗauki muryarta a waya da izininta, na rubuta duk sunan da ta ambata, har laƙabin da abokansa ke kiransa da shi da garin da iyayensa suka taso kafin su zo haƙar kuza. A wannan zaman ya kamata mutum ya tantance abu biyu da ke rikita 'yan Jos musamman. Na farko, daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya, Turawa sun yi ta ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na kuza a nan Filato, kuma mutane da yawa sun mutu a sansanonin. Idan tsohuwa ta ce "Turawa sun ɗauke shi lokacin yaƙi", ba lalle soja take nufi ba. Na biyu, wasu iyalan suna haɗa yaƙin Bama da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, alhali takardun waɗannan biyu ba a wuri ɗaya suke ba.

Daga nan sai adakar Inna, wadda ke hannun Gwaggo. A ciki akwai lambar yabo guda mai siffar tauraro, da hoto ɗaya da ya fara cin ruwa. Tauraron na Bama ne, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Na juya bayansa ina sa ran ganin suna, babu komai. Haka Ingila ta raba lambobin kamfe na Yaƙin Duniya na Biyu, ba suna ba lamba, don haka tauraron yana tabbatar da fagen da mutum ya je ne kawai. Wadda ake sassaƙa suna da lamba a bakinta ita ce lambar jarumta, irin Military Medal. Wanda ya samu irinta a adakar gidansu ya huta da rabin aiki. Hoton ne ya fi amfani. Na kai shi wani shagon hoto a Taminus aka ɗauke shi da na'ura aka faɗaɗa kafaɗar rigar, sai ga alamar māsu biyu a gicciye bisa gammo. Wannan ita ce alamar Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Duka biyun an kafa su a Najeriya a 1943. Ta 81 ta riga tafiya, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, aka kuma cire birged ɗinta ta uku, mai bataliyoyin Najeriya na 6 da 7 da 12, aka haɗa ta da dakarun Chindit na Janar Wingate, masu kutsawa bayan layin Japanawa. Ta 82 ta isa Indiya a 1944, ta shiga yankin Arakan a ƙarshen shekarar. Bataliyoyin Najeriya da ke cikinta shida ne: na 1 da 2 da 3 a birged ta ɗaya, na 5 da 9 da 10 a birged ta huɗu. Ƙyalle ɗan mitsitsi a kafaɗa ya rage mini fagen nema sosai.

Na ɗauki kwafin hoton na je ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiha. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, ba su nemi ko sisi ba, amma ya kamata mutum ya san abin da zai tarar. An kafa ƙungiyar a 1964, kuma yawancin dattawan da ke zaune a can yau sojojin yaƙin basasa ne. Rajistarsu ta mambobi ce, wato waɗanda suka dawo da ransu suka yi rajista. Wanda ya ɓace a 1945 bai taɓa shiga cikinta ba. Wani dattijo da kowa ke ce wa Baba Saje ya duba hoton ya ce, "Ɗana, mene ne lambarsa?" Na ce ba mu da ita. Ya ce, "To ba ka fara ba tukuna. Soja lamba ne. Suna na gida ne." Shi ya nuna mini bambancin: lambar sojan Najeriya na zamanin Turawa tana farawa da NA sai alƙaluma, ta 'yan Gwalkwas (Gana ta yau) da GC, waɗanda kuma ke da 63NA an ɗauke su ne bayan samun mulkin kai. Ya ce in nemi ko akwai wanda ya dawo daga Bama a unguwarmu, don littafin sallama na wanda suka shiga tare zai iya nuna lambar da ke kusa da tasa. Shawara ce mai kyau, domin a jere ake ba kurata lamba.

Da na koma gida na buɗe shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC. Bincike a can kyauta ne, kuma ga Yaƙin Duniya na Biyu tana ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947. Na sa sunan kakana yadda muke kiransa a gida, ban samu komai ba. Na sa sunan farko kaɗai, sai ga jeri mai tsawo na masu suna iri ɗaya. A nan yawancin mutane ke sarewa, don haka bari in tsaya a kansa. Akawun da ke ɗaukar kurata ba ya rubuta sunan uba a mafi yawan lokuta. Sunan mutum yake rubutawa ya liƙa masa sunan gari ko ƙabila. Muhammadu ɗan Abdullahi da ya ce shi daga Bauci yake sai ya zama Mamman Bauchi, ko Momman, ko Moma, gwargwadon kunnen mai rubutu. Audu kan fito Awudu ko Abdu. Garin da aka rubuta kuma wani lokaci ba mahaifarsa ba ce, inda aka ɗauke shi ne, ko babban garin da Bature ya sani. Ga wani ƙarin: Hausa ce harshen bariki a wancan zamanin, saboda haka Angasawa da Birom da Tibi da mutanen Adamawa da yawa sun shiga da sunayen Hausa da ba a san su da su a gida ba. Akwai kuma wanda ya gudu daga gida ya shiga soja, ya sauya suna da gangan don kada iyaye su bi shi. Wanda ya dogara da suna kaɗai zai iya ɗaukar kakan wasu ya kai gida.

Maganar Gwaggo ta kuɗin da ake dangwala wa yatsa ita ta kai ni Kaduna, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon. Manyan rassan ma'ajiyar uku ne, Ibadan da Inugu da Kaduna, kuma takardun lardunan Arewa suna Kaduna. Na tashi da motar asuba ta Saminaka. Abin da na riƙe: wasiƙar gabatarwa da wani malami a sashen tarihi na jami'a ya rubuta mini, hotunan fasfo, katin ɗan ƙasa, da tsabar kuɗi. An cike mini fom, na biya kuɗin rajistar mai bincike, wanda bai kai kuɗin motar zuwa ba. Ɗaukar hoton takarda da waya ko yin kwafi kuɗinsa daban, kuma farashi yana sauyawa, gara a tambaya tun a teburin farko. Ranakun aiki kawai ake buɗewa. Kada mutum ya shirya zuwa da dawowa a yini guda, don rabin yinin farko a karatun jerin fayiloli yake ƙarewa. A nemi masauki, a kuma zo da takunkumin hanci, ƙurar tsohuwar takarda ba ta da daɗi.

Tsarin wurin haka yake. Ba a neman mutum da sunansa, babu wata kwamfuta da za a danna ta fito da kakanka. Akwai littattafan jeri, kowane ofishin mulkin mallaka da nasa. Na lardin Filato sunansa JOSPROF, na Zariya ZARPROF, na Kano KANOPROF, na babbar sakatariyar Arewa kuma SNP. Za ka bi taken fayiloli layi layi, ka kwafe lambar wanda kake so a 'yar takardar buƙata, ka miƙa, ka zauna. Taken duk da Turanci suke, don haka a riƙe kalmomin da za a farauta: recruitment, allotment, casualties, deceased soldiers, ex-servicemen, da RWAFF, wato sunan rundunar baki ɗaya. Fayilolin ɗaukar kurata sun ba ni adadi ne kawai, gunduma kaza ta kawo mutum kaza, babu sunaye. Wani fayil da na nema an dawo an ce ba a gan shi a mazauninsa ba, abin da ke faruwa a kowace ma'ajiya mai shekaru. Wani dattijon ma'aikaci da ya ga na yi jugum ya ce, "Malam, bar bin ɗauka, bi kuɗi. Bature ba ya wasa da lissafin kuɗi." Gaskiyarsa. Soja kan ware wani kaso na albashinsa a riƙa biyan matarsa ko mahaifiyarsa ta hannun Di'o da baitulmalin En'e, kuma dole takardar biyan ta ɗauki lambarsa, don da ita ake cire kuɗin a can.

A cikin irin wannan fayil na same shi. Takarda ce siririya da aka buga da tafireta, gefenta ya ci tsatsar allurar da ta riƙe ta. Layi biyar ne a tsaye: lamba, muƙami, sunan soja, sunan mai karɓa, adadin sule. Ban gane shi da sunansa ba, don an liƙa masa sunan garin iyayensa wanda mu jikoki ba mu taɓa kiransa da shi ba. Da sunan Inna na gane shi, da unguwarta a gefe. A wata takardar ta gaba an ja layi da jan alƙalami a kan sunan, an rubuta missing da hannu. Na daɗe zaune ban juya shafin ba. Sannan na ɗauki hoton bangon fayil ɗin da lambarsa, da shafin gaba ɗaya, da layin kusa kusa. A riƙa ɗaukar bango tukuna, in ba haka ba za a koma gida da hotuna barkatai ba a san daga wane fayil kowanne ya fito ba, kuma duk ofishin da za ka rubuta wa nan gaba lambar fayil zai tambaya. Kafin in bar Kaduna na leƙa Gidan Arewa na duba tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a Janairun 1939. Ban ga sunansa ba, amma na ga yadda ake ba mutanen gida labarin yaƙin a lokacin.

A masauki, daren nan, na koma shafin CWGC na sa lambar kaɗai, na bar sauran gurabun babu komai. Idan ba ta fito ba a gwada ta da NA a gaba, da karan tsaye da kuma babu shi. Tawa ta fito nan take: muƙaminsa farabiti, bataliyarsa ɗaya daga cikin shidan nan, kwanan wata a cikin Maris 1945, wurin tunawa kuma Rangoon Memorial, da lambar fuskar bangon da sunan yake. An rubuta sunan da wani irin harafi da ba zan taɓa cankarsa ba. Ma'anar wannan shi ne ba shi da sanannen kabari. Bangon yana ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin ƙasa da suka mutu a yaƙin Bama ba a san makwancinsu ba, an buɗe shi a 1958. Duk da sunansa, ba a cikin birnin Rangun yake ba, wanda yanzu ake kira Yangon. Yana cikin maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin. Ana sauke takardar shaidar tunawa kyauta daga shafin. Na buga ta a kati mai kauri, kwafi uku. Wanda nasa ya mutu a asibiti ko aka samu gawarsa zai iya ganin kabari mai lamba a Taukkyan ɗin, ko a Chittagong ko Maynamati da ke Bangaladash a yau, inda aka binne 'yan Afirka ta Yamma da dama. Kada kuma a taƙaita nema ga Nigeria Regiment, wato rundunar da bataliyoyin nan ke ƙarƙashinta. Akwai 'yan igwa, da injiniyoyi, da direbobi, da ma'aikatan jinya, da rukunonin 'yan dako da ke ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin daji, kowanne da sunan rukuninsa.

Kawu ya dage cewa tunda akwai bangon tunawa a Abuja dole sunan yana can, don haka muka bi ta Akwanga da Keffi muka je. Bangon yana cikin maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke kan hanyar filin jirgin sama. Wurin soja ne, sai an nuna katin shaida a ƙofa an faɗi abin da ya kawo mutum, kuma a nemi izini kafin a ɗaga waya. Sunayen da ke jikinsa na 'yan Najeriya ne na yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, amma ba a maimaita suna a bango biyu. Wanda aka rubuta a Taukkyan ba zai fito a Abuja ba. Shafin CWGC yana faɗin bangon kowa, a duba kafin a sayi mai. Kawu ya bi sunayen da yatsa har ƙarshe, ya yi wa masu su addu'a, muka fito. A wannan zuwan na kai wasiƙa ofisoshi biyu ina neman takardar hidimarsa, wadda za ta nuna ranar da aka ɗauke shi, da shekarunsa, da wanda ya rubuta a matsayin magajinsa. A ɗaya, wani hafsa ya karanta ya ce, "Alhaji, mu namu daga bayan mulkin kai ne," ya sallame mu da mutunci. Ɗayan an buga wa kwafina hatimin karɓa, amsa kuwa har yau. Duk wasiƙar da za a kai a yi ta biyu, a sa lamba da bataliya a kanun wasiƙar, a haɗa da takardar CWGC da takardar rantsuwa ta kotu mai nuna dangantaka, a kuma tabbatar an buga hatimi a kwafin da za a riƙe. Rubuta wa ma'aikatar tsaron Ingila ba ya kawo wannan takardar, don fayilolin hidimar sojojin Afirka a ƙasashensu aka bar su.

Abin da Ingila ke da shi shi ne littafin yaƙi na kowace bataliya, a ma'ajiyar takardunsu da ke Kew a Landan. Jerin fayilolinsu yana intanet, sunansa Discovery. Littattafan fagen Bama suna ƙarƙashin WO 172, na lokacin da bataliya ke gida Afirka ta Yamma kuma WO 173. Akwai WO 361 na binciken waɗanda suka ɓace, da WO 373 na shawarwarin ba da lambar jarumta, wanda shi ana iya sauke shi kai tsaye. WO 172 ba a sa hotunansa a intanet ba. Hanya biyu ce: ko ka biya su kuɗin duba shafuka, su aiko maka da farashin kwafi, ko ka samu wanda zai je da ƙafarsa. Ta farkon da fam ake biya, littafin shekara guda kuma shafuka ne masu yawa, ga wahalar katin banki na naira. Na bi ta biyun. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya yi katin mai karatu, wanda kyauta ne, ya nemi fayil ɗin tun kafin ranar, ya ɗauki hoton watanni uku da waya: watan da aka rubuta, da na gabansa, da na bayansa. Na ce masa kada ya tsallake rataye-ratayen da ke bayan kowane wata, ko da sun yi kama da tarkace.

Littafin yaƙi hafsan Bature ne ke cike shi kullum: wuri, rana, sa'a, abin da ya faru. Turawa ana kiran sunansu. Baƙaƙen sojoji kuwa haruffa uku ne, AOR, ma'ana sauran sojoji 'yan Afirka, sai adadi. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata, mutum ya bar mata da 'ya'ya a Gangare ya je ya zama alƙalami a gefen shafi. Bayan kama Myohaung a Janairun 1945, rundunar ta gangara kudu ta Kangaw zuwa yankin Dalet da Tamandu da hanyar An, ƙasa mai duwatsu da kurmin gora da rafuka masu cika da ruwan teku. Duk wanda ya san barikokin Najeriya ya san waɗannan sunaye: Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung da An da Tamandu da Arakan a Legas. A shafin da ya dace da kwanan watan kakana an rubuta cewa 'yan sintiri sun fita sun yi karo da Japanawa, an dawo da masu rauni, wasu ba su dawo ba. A ratayen ƙarshen watan ne aka jera lambobin waɗanda aka rasa, tasa tana ciki. Watan da ya gabata ba shi da irin wannan rataye ko kaɗan, don haka sa'a ce, ba kowa zai samu ba. A kuma lura, kwanan watan da ke kan takardar wanda ya ɓace galibi ranar da aka daina ganinsa ce, ba tabbatacciyar ranar rasuwa ba.

Na kai wa Gwaggo katin na karanta mata da Hausa. Ta shafa shi ta ce, "Ashe ba gudu ya yi ya bar mu ba." Sai a ranar na san cewa shekara da shekaru akwai masu faɗa mata haka. Ranar Juma'a aka tara dangi aka yi masa addu'a da sadaka.

Ga wanda zai bi wannan hanya, ni dai ban yarda a karɓi suna a matsayin na kakan mutum ba sai abu biyu da ba su da alaƙa da juna sun haɗu a kansa. A wurina sunan Inna da unguwarta ne a takardar Kaduna, da lamba ɗaya a Kaduna da Taukkyan da Kew, da alamar kafaɗa da ta dace da bataliyar. Idan suna da gari kawai suka dace, a rubuta shi a matsayin zato, a faɗa wa dangi zato ne. Tsofaffi kuma a fara da su yau, don takardar Kaduna za ta jira shekara goma, Gwaggo ba ta da wannan alkawarin. Da zarar dangi sun ji an samu lamba za a fara maganar diyya, har wani ya zo mini da fom yana cewa a biya kuɗin rajista Ingila za ta biya jikoki. Kada a ba kowa ko kwabo. Tallafin da ƙungiyar tsofaffin sojojin Kwamanwel ke bayarwa na mazan jiyan da ke raye ne da matan da suka bari masu buƙata, ta hannun ƙungiyar 'yan mazan jiya yake bi, ba gadon jikoki ba ne. Idan an ga kuskure a rubutun suna, CWGC tana karɓar buƙatar gyara, amma da takardar zamanin take aiki, ba da abin da iyali suka tuna ba.

Ba kowane sojan Najeriya ne ya ɓace a Bama ba, ko da gida sun saba cewa Bama. Birged ɗin Najeriya ta yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, daga can sunan barikin Mogadishu na Abuja ya samo asali, kuma waɗanda suka ɓace a wannan fagen ana neman su a bangon East Africa Memorial da ke Nairobi. Tauraron da za a gani a adakarsu na Afirka ne. Wanda nasa ya tafi tun yaƙin Jamus na 1914 zuwa 1918, a Kamaru ko Tanganyika, aikinsa ya fi wuya. Rahoton da CWGC ta fitar da kanta a Afrilun 2021 ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma tun daga nan take tattara sunaye daga ma'ajiyoyi da iyalai. Rashin ganin suna a shafinsu bai nuna mutum bai yi yaƙi ba, kuma takardar da ke adakar gidanku tana iya zama abin da suke nema.

Abin da ya rage mini shi ne takardar hidimar. An shawarce ni in rubuta wa ofishin adana bayanan sojojin ƙasa da ke Lokoja, in bi ta hannun ƙungiyar 'yan mazan jiya ta jiha don wasiƙar ta tafi da hatiminsu. Na haɗa lamba, da bataliya, da lambar fayil ɗin Kaduna, da shafin Kew, da takardar rantsuwa. Baba Saje ya ce in kawo masa ranar Litinin ya sa hannu.